Ƙyallen addu'a na kwarashi: kyauta muke saƙawa ko laya?

Maman Biyu, Zuru:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Akwai maganar da ta taso a Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu, ba mu kai ƙarshenta ba lokaci ya ƙure, shi ya sa na kawo ta nan inda akwai manya da masu sanin Littafi.

Mu masu saƙar kwarashi mun fara saƙa wasu 'yan ƙananan ƙyallaye, girmansu bai wuce tafin hannu ba, da gicciye a tsakiya. Duk wadda ta ɗauki zare akwai wanda ta sa a ranta: mara lafiya, ko gwauruwar da ta yi sabon rashi, ko yaron da zai tafi karatu nesa, ko 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba suka zo suka raɓe a gidajen dangi. Tana saƙa tana yi masa addu'a, in ta gama ta kai masa da hannunta.

Ni dai abin ya kwanta mini a rai ƙwarai. Amma wata uwa a cikinmu, wadda ba a tsallake maganarta, ta miƙe ta ce ita ba ta ga abin da ya raba wannan da laya ba. Tun ranar wasu suka ajiye kwarashinsu. Don Allah ku ba mu shawara: mu ci gaba ko mu dakata?

Auta:
Kai Mama, abin sha'awa! A sa mana hoto mu gani mana.

Kaka, Dabai:
Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ni ce na yi maganar a Zumunta, kuma har yanzu ban janye ba. 'Yata, ba aikin hannunki na ƙi ba. Saƙarki tana da kyau, zuciyarki kuma na san ta. Mutanenmu ne na sani. Na taso na tarar babu yaron da ba shi da laya a wuya ko guru a ƙugu, babu ƙofar ɗakin da ba a rataye wani abu a kanta ba. Da mahaifinmu ya ba da gaskiya, a tsakar gida ya tara nasa ya cinna musu wuta, 'yan'uwansa suka daɗe ba sa sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. Wannan abin bai mutu a zuciyar mutane ba, kwanciya ya yi. Ki ba mutumin da ke cikin tsoro ƙaramin abu, ki ce masa an yi addu'a a kai, ya sa a aljihu. Ran da ya manta shi a gida ya kama hanyar Ribah, gabansa zai faɗi ko ba zai faɗi ba? In ya faɗi, to me kika ba shi?

Matar Soja:
Kaka, ina gaisuwa, ki yi mini haƙuri in sa baki. Kin san ƙasar Zuru, da wuya ki shiga gida ba ki sami mai kaki a cikinsa ba. Maigidana yana daji, wani lokaci a daɗe ba a same shi a waya ba saboda babu sabis a inda suke. Da ya zo hutu na ba shi ɗaya. Bai ce mini yana hana harsashi ba, ni ma ban ce masa haka ba. Abin da ya ce shi ne, in dare ya tsala yana gadi ya sa hannu a aljihu ya taɓa shi, sai ya tuna akwai waɗanda ke kiran sunansa a gaban Ubangiji. Abokan aikinsa da yawa, har da masu zuwa coci, suna ɗaure da abubuwan da suka karɓo a wurin boka. Ni gara ya riƙe abin da na saƙa ina addu'a da ya je ya karɓo wancan.

Kaka, Dabai:
'Yata, Allah ya dawo miki da shi lafiya, muna tare da ke a addu'a. Amma saurari maganarki ta ƙarshe. Kin ce gara wannan da na boka. Ashe kin ajiye su a layi ɗaya ke nan. Abin da nake gudu ke nan.

Dattijo, Ribah:
Salama. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Bari mu buɗe Littafi, don duk mai kare wannan abu wuri ɗaya yake zuwa: Ayyukan Manzanni 19:11-12. A Afisa ne. An ce Allah ya yi mu'ujizai waɗanda ba a saba gani ba ta hannun Bulus, har ana ɗaukar adiko da ƙyallen aiki da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke. Gaskiya ne, yana rubuce, ba mai musu.

Amma mu lura da kyau. Wanda ya yi aikin Allah ne. Kuma Luka da kansa ya nuna abin ba na kullum ba ne. Ku bi wasiƙun Bulus ɗaya bayan ɗaya, ba inda ya umarci wata ikkilisiya ta riƙa raba ƙyalle. Da Timoti ke fama da ciwon ciki, shawarar abin sha ya ba shi, a 1 Timoti 5:23. A 2 Timoti 4:20 ya ce ya bar Tarofimas ba shi da lafiya a Militas. Da adikon hanya ce da aka kafa, da ya bar masa ɗaya ya wuce.

Sannan kada mu tsaya a aya ta 12. Ku ci gaba da karatu a sura ɗin. Nan da nan sai ga 'ya'yan wani firist su bakwai da suka ɗauki sunan Yesu kamar wani asiri da za a karanta a kan aljani, aljanin ya fatattake su tsirara da raunuka. Bayan haka masu sihiri da suka tuba suka tattaro littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka lissafta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Abin da mahaifin Kaka ya yi a tsakar gidansa ke nan. Sura ɗaya ce ta ɗauke adikon da wutar.

Matar nan mai zubar jini shekara goma sha biyu a Markus 5 ta taɓa rigar Yesu ta warke, amma da ya juyo bai yabi rigar ba, bangaskiyarta ya ambata. Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne macijin tagulla. Allah ne da kansa ya ce wa Musa ya ƙera shi, a Littafin Ƙidaya 21, mutane suka dube shi suka rayu. Da shekaru suka tura, Isra'ilawa suka koma ƙona masa turare, har sai da Sarki Hezekiya ya farfasa shi, 2 Sarakuna 18:4. In abin da Allah ya ba da umarninsa zai iya komawa gunki, ina ga abin da muka saƙa da ulun kasuwa?

Ban ce haram ne ba. Ban ga ayar da ta hana mace ta saƙa wa ɗan'uwanta kyauta tana yi masa addu'a ba. Na ce Kaka ba ta yi magana a banza ba.

Maman Biyu, Zuru:
Baba, na gode, na ƙaru. Amma in tambaya: ke nan matsalar a ƙyallen take ko a abin da muke faɗa lokacin da muke bayarwa?

Dattijo, Ribah:
A abin da kuke faɗa, da abin da kuka yi shiru a kai. Mutum yakan cike gurbin da kika bari da abin da ya saba.

Nas, Birnin Kebbi:
Ina so in kawo ta ɓangaren aikinmu. Muna ganin mutane, Kirista da Musulmi, masu hawan jini ko ciwon sukari da suka ajiye magani saboda an ba su wani abu an ce an gama. Wani hankici ne da ya sayo a wurin babban taron wa'azi, wani mai ne a 'yar kwalba, wani rubutu. Ba sa dawowa sai abin ya yi tsanani, wani an ɗauko shi ɓarin jiki ya shanye. Saboda haka duk wadda za ta kai wa mara lafiya wannan ƙyalle, ina roƙonta ta tambaye shi a wurin: kana shan maganinka? Yaushe za ka koma ganin likita? In kuɗin magani ne ya gagara, to Zumunta ta san cewa ƙyalle kaɗai bai isa ba.

Sai tsabta. A wanke shi da sabulu ya bushe a rana kafin a kai asibiti. Kada a ɗora shi a kan ciwo ko inda aka yi aiki. Kada a sa wa jariri a cikin shimfiɗa kusa da fuska, kuma don Allah ban da duwatsu ko maɓalli a jiki, yaro zai iya cirewa ya haɗiye.

Bayan wannan kuma zan faɗi gaskiya: mara lafiyar da ake zuwa dubawa daban yake da wanda aka manta da shi a gado. Muna gani da idonmu. In wannan saƙa za ta sa ku riƙa shigowa ɗakin marasa lafiya, ni ina maraba.

Ɗaliba:
Iyayena, ga ɗan abin da na sani game da asalinsa. A 1998 wasu mata biyu a Hartford, jihar Konetikat ta Amurka, Janet Bristow da Victoria Galo, suka fara hidimar saƙa mayafin addu'a. Babban mayafi ne da ake yafawa a kafaɗa, ana saƙawa ana yi wa wanda za a ba addu'a, kuma kyauta ake bayarwa. Abin ya bazu a coci-coci daban-daban. Ƙananan irin namu sun fito ne don wanda ba zai iya yawo da mayafi ba, kamar soja ko ɗan makaranta ko wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata.

Amma akwai wata al'ada daban da ta girmi wannan. Tun farkon ƙarni na 20 wasu masu wa'azin Fentikos a Amurka suke ɗora hannu a kan hankici, su shafa masa mai, su aika wa marasa lafiya ta gidan waya. Wannan ce ta iso mana ta talabijin da manyan taruka. Ina ganin mutane suna haɗa biyun, alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. Ɗaya yana cewa akwai iko a cikin ƙyallen nan. Ɗayan yana cewa akwai wanda ya tuna da kai.

Kaka, Dabai:
Jikata, a ƙasarsu sanyi ake yi, mayafi yana da aikin yi a jikin mutum. Wannan ɗan mitsitsin me yake yi in ba a ɓoye shi a aljihu ba?

Mama Fasto:
Salama ga kowa. Na karanta duka a hankali kafin in yi magana. Kaka uwata ce a cikin bangaskiya, kuma tambayarta ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini.

Ni abin da na gani a ikkilisiyarmu shi ne wannan. Tun da aka fara koro mutane daga ƙauyuka, mun yi baiko na musamman, mun tara masara da dawa da tsofaffin kaya, an raba. Amma da yawanmu ba mu taɓa shiga ɗakunan da mutanen nan suke kwana ba. Mukan ba kwamiti, kwamiti ya kai. Da aka fara saƙar nan, dole wadda ta saƙa ta nemi sunan mutum, ta san abin da ke damunsa don ta san addu'ar da za ta yi, sannan ta taka ta je. Wata 'yar'uwa ta kai wa wata mata da aka kashe mijinta a gona. Ta ce da niyyar miƙawa ta juyo ta je, sai matar ta riƙe hannunta ta fara ba da labarin ranar, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba tun da ta iso Zuru. Har magariba tana can. A nan ne ma aka gane 'ya'yan matar biyu sun daina zuwa makaranta, Zumunta ta mayar da su. Zumunta a ƙafa take, iyayenmu sun faɗa, mu ne muka mayar da ita ta kwamiti.

Ƙyallen nan a wurina kamar goron da ake riƙewa ne in za a je gaisuwa. Ba goron ne ya kai ka ba, amma ba ka son shiga hannu rabbana.

Ku tuna Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni 9. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ba wanda ya ce akwai iko a rigunan. Ƙaunarta suke nunawa. A Fitowa 35 ma, mata masu gwanintar hannu ne suka kaɗa zaren da aka yi aikin alfarwa da shi. Aikin zare ba baƙo ba ne a gidan Allah.

Saboda haka ni ban goyi bayan a daina ba. Amma a gidanmu na ce ba za a bar ƙyallen a bayan coci kowa ya ɗauka ba, ba za a aika yaro da shi ba, kuma ba za a kawo wa Baba Fasto tari guda ya ɗora hannu a kai a gaban jama'a ba. Ranar da aka yi haka, mutane za su fara cewa na hannun Fasto ya fi ƙarfi.

'Yar Katolika, Yelwa:
Mama, a nan muka ɗan bambanta. Mu a wurinmu Fada yana sa albarka a kan rosari da gicciye da lambar wuya, kuma ba ma ganin laifi. Amma tun a katikizim ake koya mana cewa abin ba shi da iko a kansa, yana juya zuciya ne zuwa ga addu'a, wanda kuma ya ɗauke shi a matsayin asiri ya faɗa camfi. Ban ce kowa a cikinmu yana kiyaye wannan ba. Akwai masu rataya rosari a mota alhali ba su san yadda ake jansa ba. Ina nufin dai sa albarka ba shi ne matsalar ba, rashin koyarwa ne.

Mama Fasto:
'Yar'uwa, na ji ki. Ku kuna da koyarwar da ta daɗe a kan wannan, yaro yana tasowa da ita. Mu ba mu da ita, abin da mutanenmu suka sani game da ƙyalle mai albarka a talabijin suka gani. Shi ya sa na fi son mu yi nesa da bakin ramin.

Auta:
Ni fa har yanzu ba a koya mini yadda ake yi ba. Gwaggo tana ina?

Gwaggo Mai Kwarashi, Mahuta:
Ga ni, 'yata, ina jira manya su gama. Kafin komai, zare. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne. Ya yi wa hular jariri da rigar sanyi lokacin hunturu, amma ba ya shan gumi, yana yin gashi-gashi in an daɗe ana taɓawa, kuma dutsen guga yana narkar da shi. Ga abin da za a riƙe a hannu cikin zafin watan Maris da Afrilu, na auduga ya fi. In mai shago ya ce miki auduga ce kina shakka, ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri. Ja da shuɗi mai duhu kuma ki jiƙa guntu a ruwa tukuna ki ga ko yana zuba.

Kwarashi mai lamba 3.5 ya isa ga zare matsakaici. Ki yi sarƙa 16. Ki tsallake ta farko, ki bi sauran da gajeren saƙa, wato ki soka, ki jawo zare, ki naɗa, ki fitar ta madauki biyun. Za ki sami ido 15. Kowane layi in kin kai ƙarshe ki yi sarƙa ɗaya ki juya. Layi uku na farko haka nan, ba ado.

A layi na 4 gicciyen zai fara, a ido na 8, shi ne tsakiya. A nan za ki yi ƙulli: ki naɗa zare, ki soka, ki jawo, ki naɗa ki fitar ta biyu kawai, ki bar sauran a kan kwarashi. Ki yi haka sau biyar a cikin ido ɗaya, za ki ga madauki shida. Sai ki naɗa ki jawo ta cikinsu gaba ɗaya, ki ci gaba da gajeren saƙa ki ɗan matse. Ƙullin yana bullowa ne ta ɓangaren da ba ya kallonki, don haka duk layin ƙulli ta baya ake yinsa. Layi na 5 babu ƙulli. Haka za ki riƙa yi, ɗaya da ƙulli ɗaya babu: na 4, 6, 8 da 10 ƙulli ɗaiɗai a tsakiya. Na 12 shi ne hannun gicciyen, ƙulli biyar a ido na 4, 6, 8, 10 da 12. Na 14 da 16 ki koma ɗaiɗai. Ki rufe da layi uku marasa ado, 19 ke nan. Ki zagaye baki da gajeren saƙa, uku-uku a kowace kusurwa don kada ya nannaɗe. Bakin zaren ki shigar da shi ciki da allura, kada ki yanke a gindin ƙulli, wanki ɗaya zai warware.

Inda sababbi ke ɓata shi ne ido na ƙarshe a layi. Suna tsallake shi, sai abin ya riƙa tsukewa yana hawa. Ki ƙirga 15 a kowane layi har hannunki ya saba.

Auta:
Na gode Gwaggo. Wata shawara: me zai hana a yi shi ninki biyu kamar 'yar jaka, a rubuta aya a takarda a saka a ciki a ɗinke, a yi masa igiya? Zai yi kyau. Kuma zare ya yi tsada, in muna sayar da wasu za mu sami na sayen wani.

Kaka, Dabai:
A'a! Jikata, tsaya. Rubutu a takarda, a ninke, a ɗinke a ciki, a sa igiya a rataya. Kin san abin da kika kwatanta yanzu? Fata ce kawai babu. Ba laifinki ba ne, ba ki taso kin gani ba. Amma wannan kam ko kowa ya yarda ni ba zan yarda ba.

Dattijo, Ribah:
Kaka ta yi daidai. Maganar Allah don a karanta take, ba don a ɗinke ta a inda ido ba ya kaiwa ba. In kuna son aya, ku rubuta a kati a buɗe, da Hausa ko C'lela ko harshen da mutumin yake ji, wanda bai iya karatu ba a karanta masa a wurin.

Batun sayarwa kuma, ku duba Ayyukan Manzanni 8, inda Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, ku ga amsar da Bitrus ya ba shi. A Matiyu 10:8 Ubangiji ya ce wa almajirai kyauta suka samu, su bayar kyauta. Ki saƙa hula, ki saƙa takalmin jariri da mayafin tebur ki sayar, sana'a ce mai albarka, ribar ki sayi zare. Amma abin da aka ce an yi addu'a a kansa, da zarar an sa masa farashi, addu'ar ce mai saye zai ɗauka ya biya.

Auta:
To Baba, na fahimta. Za mu yi hulunan daban.

Matar Soja:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Hanyoyinmu ba lafiya. Akwai wanda zai ji tsoron a tare mota a caje shi a sami gicciye a aljihunsa. Kada mu ɗora wa mutum abin da zai ƙara masa fargaba, kuma kada a ce masa rashin bangaskiya ne. A riƙa tambaya kafin a saƙa.

Gwaggo Mai Kwarashi, Mahuta:
Ana yin sa ba gicciye. Saƙa ce lafiyayya da baki mai launi daban, ko a jera ƙullin ya ba da siffar zuciya. Addu'ar ba a cikin adon take ba.

Maman Biyu, Zuru:
Wannan ya kawo ni ga wata tambayar. Gidanmu, kamar gidaje da yawa a nan, a haɗe muke. Matar wan mijina Musulma ce, ita ce ma ta gyara mini riƙon kwarashi. Ɗanta yana kwance ba lafiya, kuma kullum ina yi masa addu'a. In kai masa?

Mama Fasto:
Ki je ki duba shi, ki kai abin da ake kai wa mara lafiya, ki ce mata kina yi masa addu'a, na tabbata za ta ce amin ta gode. Amma kada ki sa mai gicciye a ƙarƙashin matashinsa, kuma kada ki ba da shi a matsayin kyauta kawai alhali a ranki wani abu ne. In kin ɓoye mata ma'anarsa kin ci amanar zaman tare. In kina son aikin hannunki ya shiga ɗakin, saƙa masa hula, hunturu na tafe.

Kaka, Dabai:
Na saurari kowa. 'Yata matar Fasto ta faɗi abin da ban yi tunaninsa ba, batun shiga ɗakunan mutane. Wannan gaskiya ne, mun yi sanyi a kai. Ga abin da zan iya zama da shi. Ku ƙara masa girma ya zama hankici na sosai, na auduga, wanda mutum zai share gumi da hawaye da shi, ya yi datti, a wanke, ya tsufa, ya yage, a yar. Abin da ake wankewa da sabulu ana shanyawa a igiya tare da kayan yara, da wuya a yi masa sujada. Ban da igiya, ban da aljihu. Kuma wadda ta kai ta faɗa da bakinta: wannan zare ne, ba ya tsare kowa, in ya ɓace ba abin da ya ɓace, Ubangiji ne mai tsaro. In za a faɗi haka kowane lokaci, ba zan ƙara miƙewa a Zumunta a kan maganar ba. Amma ƙaramin nan na aljihu har yanzu raina bai kwanta da shi ba.

Matar Soja:
Kaka, na maigidana dai ƙaramin ne, kuma ba zan karɓe shi ba. Amma in ya kira zan faɗa masa maganarki kamar yadda kika faɗe ta.

Dattijo, Ribah:
Zan kai batun gaban dattawa a namu wurin, don in matanmu suka fara a san abin da za a koyar tun farko. Ina ba da shawara kowace ikkilisiya ta yi haka.

Gwaggo Mai Kwarashi, Mahuta:
In za a yi mai girman hankici, a canza zare zuwa siriri da kwarashi mai lamba 2 ko 2.5, in ba haka ba zai yi kauri ya ƙi bushewa da damina. Ƙulli ma ba zai yi daɗin share fuska ba. Gara a fitar da gicciyen da 'yan tagogi: dogon saƙa, sarƙa ɗaya, a tsallake ido ɗaya, inda gicciyen yake kuma a cike. Ko a sayi farin yadin auduga a yanka, a saƙa masa baki kawai, ya fi sauri kuma zare kaɗan yake ci.

Maman Biyu, Zuru:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Zumunta wannan a taronmu mai zuwa. Gwaggo, don Allah ki turo hoton mai tagogin, da yawan sarƙar da za a fara da ita. Nas, in akwai waɗanda ke kwance a wurinku 'yan ƙasar Zuru da ba mai zuwa duba su, ki tambaye su ko suna so a zo, sai ki sanar da ni ta waya mu ga wadda ke da dangi a Birnin Kebbi da za ta iya zuwa.